Burkin da Ya Ɓace a Ƙwaƙwalwa: Bayani a kan Lalurar Firajil-X



Duk wanda ya taso a unguwa ya san irin yaron nan. Ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara haɗa jimla ba, ba ya yarda a haɗa ido da shi, in aka ta da janareto ko aka kunna lasifika sai ya toshe kunne ya hau ihu, wani lokacin kuma ya riƙa kaɗa hannuwa ko cizon bayan hannunsa. Mun san sunayen da ake kiransa da su, ba sai na maimaita ba. Mun kuma san bayanin da ake bayarwa: wai iska ce, ko sammu aka yi, ko uwar ce ta yi sakaci lokacin goyon ciki.

Abubuwan da ke jawo wa yaro jinkirin tasowa suna da yawa. Akwai doguwar naƙuda, akwai sanƙarau, akwai shawara mai tsanani a jarirai, akwai ƙarancin sinadarin ayodin. Yau guda ɗaya nake so mu duba, lalurar da likitoci ke kira Firajil-X, ma'ana "X mai rauni". Ita ce kan gaba cikin lalurorin da ake gada masu taɓa fahimta, kuma an same ta a kowace irin al'umma da launin fata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana samun kimanin namiji 1 cikin 7,000 da mace 1 cikin 11,000. Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin da ya ja hankalina game da ita shi ne, ana iya bin sawunta tun daga haruffa uku na DNA har zuwa yaron da ke toshe kunne. Bari mu bi sawun tare.

Mahaɗa: inda saƙo ke ƙetare rafi

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. 'Yan sashen lantarki kada ku ɗauka a manne suke kamar wayoyin da aka murɗe aka naɗe da salatif. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan gibi mai faɗin nanomita 20 zuwa 40, kuma nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya. Wannan wuri shi ne wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya raɗa wa suna sinafs a 1897. Ni a nan zan kira shi mahaɗa.

Saƙo yana tafiya a cikin ƙwaya a matsayin wutar lantarki. Da ya iso bakin gibin sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, ya ƙetare kamar kwale-kwale, ya sauka a wancan gefen. Sinadarai biyu ne suka fi shafar zancenmu. Gulutamet shi ne mai tunzurawa, aikinsa ya ce wa ƙwaya ta gaba "tashi". GABA kuma mai kwantarwa ne, yana cewa "dakata". Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana tafiya ne a kan daidaiton waɗannan biyun.

A wancan gefen akwai masu tarbar gulutamet iri-iri. Waɗanda ake kira AMPA ƙofofi ne: da sinadarin ya taɓa su sai su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, wuta ta ci gaba. Yawan ƙofofin AMPA shi ne ƙarfin mahaɗar. Ƙofofi da yawa, saƙo ya wuce da ƙarfi. Ƙofofi kaɗan, saƙo ya wuce a raunane. Akwai kuma wani mai suna mGluR5. Shi ba ya buɗewa, ya fi kama da maigadi mai waya a hannu: in ya ga gulutamet sai ya kira cikin gida ya ce a fara aiki. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Galibin waɗannan mahaɗun suna zaune a kan wasu 'yan tsirai da ke jikin rassan ƙwayar, kamar ƙaya a jikin reshe. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya ne ya fara bayyana su a 1888. Ƙayar da ta nuna gajera ce mai faffaɗan kai, kamar naman kaza. Wadda ba ta nuna ba doguwa ce siririya.

Mene ne koyo?

In ka zauna a aji malam ya yi lakca ka fahimta, ko ka haddace lambar rajistarka, wani abu ya canza a mahaɗunka. Wasu sun ƙara ƙarfi saboda an ƙara musu ƙofofin AMPA. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa aikin da suka yi a kan zomaye a Oslo, wanda ya nuna cewa mahaɗar da aka yi ta amfani da ita tana ƙara ƙarfi na dogon lokaci. Wasu mahaɗun kuma ana rage musu ƙarfi, a janye ƙofofinsu zuwa ciki, wasu ma a cire su ɗungurungum. Wannan ragewar ma aiki ce mai amfani. Wanda ya taɓa noma ya san in gero ya fito da yawa a rami ɗaya, dole a rage shi in ana son ya yi zangarniya. Ƙwaƙwalwar yaro haka take, tana fitar da mahaɗu fiye da buƙata, sannan ta rage bisa ga abin da yaron ke gani da ji da yi.

To, ƙarawa da ragewar nan duk suna buƙatar sababbin furotin. Ga yadda ake yin furotin a taƙaice. DNA kamar littafin nan ne na laburare da ba a yarda a fita da shi, yana nan a cibiyar ƙwaya. In ana buƙatar wani shafi sai a yi fotokwafinsa, wannan kwafin shi ake kira mRNA. Sai wata 'yar na'ura mai suna raibosom ta hau kan kwafin tana karantawa tana harhaɗa furotin.

Matsalar ƙwayar jijiya ita ce tsawo. Mahaɗa tana iya yin nisa ƙwarai da cibiya, kuma ƙwaya ɗaya tana iya samun dubban mahaɗu, kowacce da buƙatarta. Ba za a tsaya jiran kaya daga hedikwata ba. Saboda haka ake kai kwafin mRNA da raibosom a ajiye su a gindin ƙayar, cikin shiri. Amma in an ajiye injin da kayan aiki a wuri ɗaya, dole a samu mai hana shi aiki har sai an ba da umarni. A nan ne furotin mai suna FMRP ya shigo.

FMRP burki ne. Yana riƙe kwafin mRNA, yana tsayar da raibosom a kan hanya. A 2011 Jennifer Darnell da abokan aikinta a Jami'ar Rockefeller suka gano kwafi iri 842 da FMRP ke riƙewa a ƙwaƙwalwar ɓera, kuma da yawansu na furotin ɗin mahaɗa ne. In gulutamet ya taɓa maigadi mGluR5, sai ya aika saƙo a saki burki na ɗan lokaci. A yi furotin ɗin da ake buƙata, ciki har da masu janye ƙofofin AMPA. Abin sha'awa, cikin furotin ɗin da ake yi a lokacin har da shi kansa FMRP, wanda zai dawo ya sake taka burkin. Wato mGluR5 totur ne, FMRP burki. Duk wanda ya taɓa hawa Keke Napep ya san abin da zai faru in ɗaya ya lalace.

Haruffa uku da suka yi yawa

Umarnin yin FMRP yana rubuce a ƙwayar gado mai suna FMR1, wadda ke kusa da ƙarshen doguwar ƙafar kuromosom X. A farkonta akwai haruffa uku, CGG, da ke maimaita kansu. Kowa yana da wannan maimaicin, ni da ku duka. Yawansa ne abin dubawa:

Daga 5 zuwa 44, lafiya lau.
Daga 45 zuwa 54, tsaka-tsaki.
Daga 55 zuwa 200, mutum yana ɗauke da share-fagen lalurar. Yana yin FMRP, kuma galibi fahimtarsa ƙalau.
Sama da 200, cikakkiyar lalura.

Idan maimaicin ya haura 200, sai ƙwayar jiki ta liƙa wa wurin wasu ƙananan sinadarai da ake kira metil. Wannan kamar a garƙame shafin ne da kwaɗo. Rubutun yana nan daram, amma ba mai iya yin fotokwafinsa. Babu kwafi, babu FMRP, babu burki.

Ku kwatanta da sikila da muka fi sani. A sikila harafi ɗaya tak aka musanya, sai furotin ya fito a gurguje. A nan kuwa galibi babu kuskure a umarnin kansa, rufe shi aka yi.

Tarihin gano ta ma ya ɗauki lokaci. A 1943 James Purdon Martin da Julia Bell suka ba da rahoton wani iyali a Ingila da maza da dama ke da naƙasar fahimta, kuma ta wajen iyaye mata abin ke bi. A 1969 Herbert Lubs a Amurka ya ga ƙarshen kuromosom X ya tsuke a madubin ƙara girma kamar zai ɓalle, daga nan sunan "mai rauni" ya samo asali. Sai a 1991 aka gano ita ƙwayar gadon, a aikin haɗin gwiwar su Stephen Warren da David Nelson a Amurka da Ben Oostra a Holan.

In burki ya ɓace

A 1994 masana a Holan da Beljiyam suka samar da ɓeran da aka kashe wa wannan ƙwayar gado, don a ga abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Abubuwan da aka gani a jere suke.

Na farko, ana yin furotin fiye da ƙima a mahaɗa, ko an ba da umarni ko ba a ba da ba. Mahaɗar ta kasa bambanta lokacin da aka koyi abu da lokacin da ba a koyi komai ba, tunda injin kullum a kunne yake.

Na biyu, ragewa ta yi yawa. A 2002 Kimberly Huber da Mark Bear da Warren suka nuna cewa a ɓerayen nan, in aka taɓa mGluR5, ana janye ƙofofin AMPA fiye da yadda ya kamata. Mahaɗar da ya dace a ɗan rage mata ƙarfi sai a raunana ta sosai. A 2004 suka fito da abin da aka sani da ra'ayin mGluR: yawancin alamomin lalurar sun samo asali ne daga totur da ba shi da burki.

Na uku, siffar ƙayoyin. A ɓerayen da kuma ƙwaƙwalwar mutanen da aka duba bayan rasuwarsu, an ga ƙayoyi dogaye sirara da yawa, irin waɗanda ba su nuna ba, kuma a cunkushe. Gonar da ba a rage wa shuka ba ke nan: tsiro da yawa, zangarniya kaɗan.

Na huɗu, ɓangaren kwantarwa ma ya yi rauni. An ga raguwar masu tarbar GABA. FMRP kuma yana taimaka wa wasu ƙofofin fotasiyam da ke sa ƙwaya ta huce bayan ta harba saƙo, don haka in babu shi sai ƙwayar ta yi saurin tunzura.

Yanzu ku haɗa waɗannan da yaron da muka fara da shi. Ƙwaƙwalwar da ke saurin tunzura, mai kwantarwarta kuma ba ƙarfi, ƙarar da ni da ku za mu ji mu share, shi tana dukansa ne kamar an sa masa lasifika a kunne. Shi ya sa yake toshewa. Haɗa ido ma nauyi yake yi masa, sai ya kau da kai ko da yana son mutumin. In tunzurar ta yi yawa sai ta zama farfaɗiya, wadda ke samun kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na mazan da ke da lalurar. Mahaɗun da ba sa ƙarfafa yadda ya kamata kuwa su ke sa magana ta yi jinkiri, lissafi ya yi wuya, abin da aka koya jiya sai an maimaita yau. Kusan rabin mazan suna da alamomin otizim. A jiki kuma akan ga doguwar fuska, manyan kunnuwa da gaɓoɓi masu laushi, ko da yake waɗannan ba sa fitowa sosai sai yaro ya fara girma.

Me ya sa har yanzu babu magani?

Za ku ce, to ai abin da sauƙi, tunda burki ya ɓace a rage totur mana. Haka masanan ma suka yi tunani. A 2007 Gül Dölen da Bear a cibiyar MIT suka rage yawan mGluR5 da rabi a ɓerayen, sai ga abubuwa da yawa sun gyaru, har da cunkoson ƙayoyi da yawan furotin da farfaɗiyar da ƙara ke tayarwa. Murna ta cika iyalai. Kamfanonin Novartis da Roche suka fito da magungunan da ke danne mGluR5, aka gwada su a kan matasa da manya. A 2014 duka biyun suka dakatar, saboda waɗanda suka sha maganin ba su fi waɗanda suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta samun sauƙi ba. Daga baya an gwada maganin Novartis ɗin a kan ƙananan yara haɗe da koyar da magana, nan ma bai nuna fifiko ba.

Masana sun kawo dalilai. Ɓera ba mutum ba ne. Jiki yana iya sabawa da maganin ya daina jin sa. Auna sauƙi ta hanyar tambayar iyaye yana da wuyar dogaro, domin mai fata yana ganin canji ko babu. Sannan furotin ɗin da ke riƙe da kwafi sama da 800, da wuya a gyara rashinsa ta hanya ɗaya. Aiki dai bai tsaya ba. A 2018 ɗakin binciken Rudolf Jaenisch a Amurka ya yi amfani da fasahar CRISPR ya cire kwaɗon metil ɗin a ƙwayoyin ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji, sai FMR1 ta farfaɗo ta fara aiki. Daga kwanon gwaji zuwa asibiti tafiya ce mai nisa, amma an tabbatar cewa kwaɗon yana buɗuwa.

Yadda ake gadonta

Nan ne ya shafe mu kai tsaye, mu da muke dab da kammalawa, wasunmu ma an riga an kai kuɗin gaisuwa. Namiji X ɗaya gare shi da Y, mace kuwa X biyu. Namijin da X ɗinsa ya samu matsala ba shi da madadi, shi ya sa abin ya fi tsanani a maza. Mace tana da na biyu da ke tallafa mata, don haka wasu matan alamun kaɗan ne, kamar tsananin kunya da wahalar lissafi, wasu kuma ba a ganin komai.

Uba mai share-fagen lalurar yana ba wa dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba wa namiji ko ɗaya, tunda Y yake ba su. Kuma daga wajen uba maimaicin ba ya tsallakawa ya zama cikakkiyar lalura. Uwa mai ɗauke da shi kuwa, kowane ciki rabi da rabi ne, kuma a wajenta ne maimaicin ke iya ƙaruwa, 90 ya koma ɗaruruwa a jikin ɗa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kimanin mace 1 cikin 150 zuwa 300 tana ɗauke da shi, galibi ba ta sani ba.

Don Allah a lura da kyau, wannan ba hujjar ɗora wa uwa laifi ba ce. Sau da yawa ita ma daga mahaifinta ta samo, shi kuma daga tasa uwar. Ba wanda ya zaɓi haruffansa. Masu ɗauke da shi ma suna da tasu jarrabawar: kimanin kashi 20 cikin ɗari na matan al'adarsu kan ɗauke kafin shekara 40, wasu mazan kuma bayan shekara 50 sukan fara karkarwar hannu da tangaɗi, lalurar da Randi Hagerman da abokan aikinta suka bayyana a 2001.

Abubuwa biyu kuma da ake yawan rikitawa. Auren zumunci ba shi ke kawo ta ba, domin iyaye ɗaya ya isa, saɓanin sikila da sai an haɗu daga ɓangare biyu. Kuma gwajin jinotayif da muke yi kafin aure ba ya nuna ta. Mai AA yana iya ɗauke da ita. Gwajinta daban ne, na DNA ne da ke ƙirga yawan CGG, kuma mu 'yan ɗakin gwaje-gwaje mun san hanyar PCR da ake bi a yi shi. Iyalin da ke da maza fiye da ɗaya masu jinkirin fahimta ta wajen uwa, misali yaro da kawunsa, ya kamata su faɗa wa likitan yara wannan tarihin.

Abin da ke hannunmu

Rashin maganin warkarwa ba ya nufin a naɗe hannu. Mahaɗun yaron nan suna canzawa, a hankali ne dai kuma sai da maimaici. Shi ya sa fara koyar da magana da wuri ke da amfani, haka tsara masa rana iri ɗaya kullum, da rage hayaniya, da nuna masa abu da hoto ko a aikace maimakon dogon bayani. Yaran nan sun iya kwaikwayo, suna riƙe abin da suka gani, da yawansu kuma akwai barkwanci da son mutane. Kada a tilasta masa haɗa ido, a zauna gefensa a yi magana. Farfaɗiya tana da magani a asibiti, haka tsananin fargaba da rashin natsuwa. Duka da ɗaurewa da turaren barkono kuwa, ga ƙwaƙwalwar da dama a tunzure take, ƙara wa wuta fetur ne.

Cikinmu akwai waɗanda za su koyar a firamare lokacin bautar ƙasa, akwai masu shiga asibiti aiki, kusan dukkanmu kuma za mu zama iyaye in Allah Ya yarda. Wata rana za a kawo mana irin wannan yaro, ko a aji ko a gida. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya karanta wannan ya san cewa akwai bayani, akwai gwaji, akwai kuma abin da za a iya yi wa yaron tun yana ƙarami. Sai mu faɗa wa na gida, mu kuma gyara bakinmu game da sunayen da muke kiran bayin Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, mu kuma Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.